Shafin Afiniki Mai Man Shafawa

Akwai wani mutum, tsohon malamin makaranta, sunansa Filibus. Shekara talatin da biyu ya yi yana duba takardun jarrabawa, har ya zama idan ɗalibi ya kwafi amsar ɗan'uwansa, tun daga layin farko yake ganewa. Da ya yi ritaya bai iya zaman banza ba. Sai ya shiga cikin masu aikin sa kai a wani babban kundin sani da ke intanet, irin wanda kowa yana iya buɗewa ya karanta tarihin garuruwa da na mutane, kowa kuma yana iya ƙara rubutu a ciki. Ba wanda yake biyansu. Aikinsu shi ne su tsare kundin, kada ƙarya ta sami wurin zama.

Masu wannan aiki kuwa suna da wata doka da suka riƙe da ƙarfi. Ba kowane mutum ake buɗe wa shafi ba, sai sananne. Sananne kuma a wurinsu shi ne wanda aƙalla shaidu biyu ko uku suka yi rubutu a kansa, a jarida ko a littafi, shaidun da ba danginsa ba ne, ba ma'aikatansa ba ne, bai kuma biya su ba. Abin da mutum ya faɗa a kan kansa ba ya shiga lissafin shaida. Malam Filibus yana son wannan doka kamar shi ya kafa ta.

Wata safiya, bayan ya sha kokonsa, ya buɗe kwamfuta a ƙarƙashin mangwaron gidansa, sai ya tarar da sabon shafi. Shafin wata mace ne mai suna Afiniki, mai yin sabulu da man shafawa da hoda a wani gari mai tafiyar awa uku daga nasa. An sa hotonta da ɗaurin ɗankwali mai tsayi. An kira ta Dakta. An ce ta yi karatu a ƙasar waje, ta karɓi lambar yabo sau huɗu, tana da masana'anta mai ma'aikata ɗari biyar, kayanta kuma sun kai ƙasashe goma sha biyu. A ƙarshen shafin aka jera jaridu biyar a matsayin shaidu.

Malam Filibus ya gyara tabarau. Ya buɗe jarida ta farko ya karanta, ya buɗe ta biyu, ya kai tsakiya, sai ya yi murmushin da ɗalibansa na dā suke tsoro. Ya jera duka biyar ɗin kusa da juna. Kanun labarin ne kawai ya bambanta, amma abin da ke ciki ɗaya ne, kalma bayan kalma. A layi na huɗu ma akwai wata kalma da aka rubuta sau biyu bisa kuskure, ga ta nan kuwa a cikin duka biyar ɗin, ba wanda ya gyara.

Ya ce wa kansa, “Hannu ɗaya ne ya rubuta, aka rarraba.”

Ya nemi makarantar da aka ce ta yi a ƙasar waje, bai sami mai irin wannan suna ba. Ya nemi masu ba da lambar yabon, ya tarar duk wanda ya aika musu da kuɗin fom suna ba shi. Nan take ya rubuta wa sauran masu tsaron kundin cewa a goge shafin, ya kawo hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace da inda ya samo ta. Da ya tsaya nan, da ba mu da misalin da za mu bayar yau. Amma ransa ya riga ya ɓaci, sai ya ƙara layi biyu a ƙasa: “Wannan mace mayaudariya ce. Irinsu ne suke ƙona fatar 'ya'yanmu mata da man bilicin, sa'an nan su sayi suna da ribar.”

Bai ga an ambaci bilicin a ko'ina ba. Ya dai ɗauka cewa wadda ta yi ƙarya a kan karatunta, ba abin da zai hana ta zuba guba a kwalba.

Bisa ga al'adar kundin, ana ba da kwana bakwai domin kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin a yanke hukunci, kuma duk abin da aka rubuta a wurin tattaunawar a buɗe yake, duniya tana gani. A rana ta biyu mutum tara suka fito suna kare shafin. Malam Filibus ya bi sawunsu ɗaya ɗaya, ya ga dukansu a safiya ɗaya suka yi rajista, ba wanda ya taɓa gyara ko wasali a kundin kafin ranar, kowannensu kuma ya rufe maganarsa da cewa Afiniki abin alfahari ce ga mata. Ya tona wannan ma a fili. Daga nan zuciyarsa ta ƙara tauri.

A rana ta uku wata mai suna Malama Damaris ta yi magana. Ita ma'aikaciyar laburare ce, ta riga shi shiga aikin kundin da shekara huɗu, ba a taɓa kama ta da son kai ba. Ta rubuta masa cewa, “Malam, na yarda da kai a kan shafin, bai cancanci zama ba. Amma layi biyun nan na ƙarshe, ina shaidarsu? Ka cire su.”

Ya karanta sau biyu. Maimakon ya amsa, sai ya fara tunani. Ashe Damaris ba daga wancan yankin mijinta ya fito ba? Wa ya sani ko an kai mata katan ɗin sabulu har gida? Ya koma ya duba tsofaffin gyare-gyarenta na shekara biyu, yana neman inda ta taɓa sassauta wa wani ɗan kasuwa. Bai sami kome ba. Rashin samun ma bai kwantar masa da rai ba, ya ce a zuciyarsa mai wayo ba ta barin sawu. Ya bar layi biyun a inda suke.

A rana ta huɗu, da tsakar rana, wayarsa ta yi ƙara. Lambar baƙuwa ce.

“Salama, Baba. Da Malam Filibus nake magana?”

“Wa ke tambaya?”

“Ni ce Afiniki.”

Ya miƙe zaune. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, “Wa ya ba ki lambata?”

“Ka koyar da ƙanena lissafi, Baba. Shi ya gane sunanka.”

Ta ce masa akwai wani babban kanti a babban birni da ya yarda zai fara ɗaukar kayanta, saura sa hannu kawai. Jiya manajan ya bincika sunanta a intanet, abin da ya fara fitowa kuwa shi ne maganar Malam Filibus, sai ya kira ta ya ce a dakata tukuna. Muryarta ba ta rawa, ba ta kuma roƙo. Ta ce, “Ban kira don ka bar shafin ba. Ka zo ka ga wurin da idonka. Zan aiko da mota ta ɗauke ka.”

“Kada ki aiko da kome,” in ji shi. “In zan zo, da ƙafata zan zo, ba kuma zan faɗa miki ranar ba.”

Da ya ajiye wayar ya ce, to, ga inda za a miƙo ambulan ɗin toshiyar baki. Ya ƙudura zai je, domin ya kama ta dumu-dumu ya dawo ya ba da labari. Washegari da sassafe ya cika gorarsa da ruwan gidansa, ya ƙulle gyaɗa a leda, don kada ya ci ko ya sha wani abu nata, ya nufi tasha.

Da ya sauka bai tambayi gidanta kai tsaye ba. Ya fara zagaya kasuwa, yana shiga shagunan masu kayan kwalliya yana cewa a ba shi man Afiniki mai sa fari. A shago na farko aka ce babu. A na biyu mai shagon ya ce, “Nata ba ya sa fari, Baba, ga wani nan in kana so.” Malam Filibus ya fito yana gyaɗa kai. Ya ce a ransa, ta riga ta gargaɗe su.

Masana'antar da aka ce tana da ma'aikata ɗari biyar, ashe wani gida ne a bayan gari, da rumfar kwano doguwa a tsakar gida. Ya ƙirga matan da ke wurin, su goma sha bakwai ne. Waɗansu suna tace man kaɗanya a manyan tukwane, waɗansu suna yanka sabulu da zare, biyu suna manna takarda a jikin kwalabe. Afiniki ta fito daga cikinsu, gajeriyar mace, hannunta duk mai, ba ta yi kama da hoton nan ba sai a ido. Ta gaishe shi, ta sa aka kawo kujera da zoɓo mai sanyi. Ya ƙi zama, ya ɗaga mata gorarsa.

Ya bi rumfar daga wannan kai zuwa wancan. Ya buɗe tukwane ya sansana. Ya ɗauki kwalba ya karanta abin da aka rubuta a jiki. Sa'an nan ya hango wani ɗaki a kusurwa da kwaɗo a ƙofarsa, ya nufe shi da murna.

“Me ke cikin wancan?”

“Kwalabe ne da kwali.”

“A buɗe.”

Matan suka daina aiki suna kallonsa. Afiniki ta kwance makulli daga bakin zanenta ta miƙa masa. Ya buɗe da kansa, ya shiga, ya ɗaga kwali, ya leƙa bayan buhuna. Kwalabe ne da kwali. Ya fito da ƙura a hularsa, yana cewa a ransa, tun jiya aka kwashe.

Ya juyo ya fuskance ta. “Ke Dakta ce?”

“A'a.”

“Kin yi karatu a ƙasar waje?”

“Aji uku na sakandare na tsaya.”

“To, wa ya rubuta?”

Ta goge hannunta a jikin zane, ta daɗe tana gogewa. Sa'an nan ta ce akwai wani mutum mai ofis a birni, sana'arsa ita ce tallata sunan mutane. Shi ya ce mata manyan kantuna ba sa kula wanda ba su gan shi a intanet ba. Ta biya shi. Shi ya rubuta labarin, shi ya kai wa jaridu, shi ya buɗe shafin, mutum taran nan ma shi ne.

“Kin karanta abin da ya rubuta?”

“Na karanta, Baba.” Ta sunkuyar da kai. “Da na ga an ce Dakta, na san ƙarya ce. Amma ta yi mini daɗi. Na nuna wa 'yan ƙungiyar mata a coci, suka yi ta guɗa, ni kuwa na yi shiru. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma bilicin ɗin nan da ka ce, wannan ban yarda ba.”

Ta kira ɗaya daga cikin matan, wadda take juya babbar tukunya. Da matar ta matso ta zame mayafinta, Malam Filibus ya ga kumatunta biyu sun yi baƙi ƙirin kamar an ɗora musu dutsen guga, fatar wuyanta kuma ta yi tabo-tabo. Sunanta Tamar.

Tamar ta ce, “Baba, a hannun Mama Afiniki na sayi man da ya yi mini haka. Shekara takwas ke nan. Lokacin tana da shago a kasuwa, tana saro shi kamar kowa. Da ta ga fuskata, ta kwashe duk wanda ke shagon ta kai bayan gari ta cinna masa wuta. Jarinta ke nan duka. Ita ta riƙa kai ni asibiti. Da mijina ya kore ni, ita ta ba ni ɗaki.”

Malam Filibus ya saurara har ƙarshe. Labarin ya taɓa shi, wannan kuwa shi ya sa ya ƙara tsarguwa. Ya ce a ransa, labari ya yi kyau da yawa. Mai cin abinci a hannunta, me kuma za ta ce? Ya tambayi sunan asibitin, ya ƙi a raka shi, ya tare mai babur ya tafi shi kaɗai.

Asibitin mishan ne, tsoho, a kan tudu. Aka nuna masa ɗakin masu ciwon fata, inda ya sami wata tsohuwar nas, Sista Briskila, tana wanke hannu bayan ta sallami marasa lafiya. Bai ce mata daga wurin wa ya fito ba. Ya ce shi dai yana bincike ne a kan wata Afiniki mai sabulu, ya ji ana cewa ba mutuniyar kirki ba ce.

Sista Briskila ta ja tsaki. “Afiniki? Mace mai faɗan tsiya. Sau biyu tana yi mini ihu a gaban marasa lafiya don na bar wata tana jira. Tun Kirsimetin bara ba ma gaisawa sosai. Ga son a yabe ta kamar ƙaramar yarinya.”

Malam Filibus ya gyara tsayuwa, ya ciro biro. Ga shaidar da yake nema.

“Man bilicin ɗin fa, a ina take ɓoye shi?”

Sista ta dube shi sama da ƙasa. “Wane bilicin? Malam, in zagi kake nema, na ba ka wanda yake gaskiya, kada ka ƙara da naka. Matar nan ita ce ta fara kawo mana waɗanda mai ya ƙona. Takan bi su har gida, ta ja su zuwa nan, da faɗa da kome. Duk wadda likita ya ce ta daina shafa guba ta koma man kaɗanya zalla, Afiniki ce take ba ta kyauta, wata shida, wata tara, har fata ta dawo. Sun fi ɗari biyu. Ni nake rubuta sunayensu.”

Ta buɗe kabad ta ciro rahoton shekara na asibitin, wanda aka buga shekara biyar da suka wuce, ta buɗe masa wani shafi. Rabin shafi ne, likitan da ke wurin a lokacin ya rubuta, ba hoto, ba Dakta, ba lambar yabo. Ya faɗi abin da matar take yi, da yawan waɗanda suka warke. Malam Filibus ya karanta a tsaye. Ya nemi wurin da zai kama kuskure, irin na mai duba jarrabawa, bai samu ba.

Ya ce a hankali, “Me ya sa ba a sa wannan a shafinta ba?”

“Wa zai sa? Mai tallan ya zo nan, ya ga fuskokin matan, ya ce wannan ba zai sayar da hoda ba.”

A cikin motar komawa gida Malam Filibus bai ci gyaɗarsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne wannan: shi da ya ƙi karɓar jaridu biyar saboda ba su da tushe, ya rubuta magana a kan mace ba tare da ko jarida ɗaya ba.

Rana ta shida gaba ɗaya ya ɓatar da ita yana neman shaida ta biyu, gama yanzu so yake shafin ya tsaya, a share ƙaryar a rubuta gaskiyar. Ya kira gidan rediyon yankin, aka ce an taɓa hira da ita, amma ba a ajiye faifan ba. Ya roƙi Malama Damaris ta duba masa tsofaffin jaridu a laburare. Ta duba har aka tashi aiki, ba ta tambaye shi dalilin da ya sa bai amsa mata tun farko ba, ba ta kuma sami kome ba. Mata ɗari biyu sun warke, amma ba ɗan jaridar da ya taɓa hawa tudun nan ya tambaya. Shaida ɗaya ce tak, doka kuwa ta ce biyu ko uku.

A rana ta bakwai ya zauna ya rubuta a wurin tattaunawar, inda kowa zai gani. Ya ce har yanzu ra'ayinsa shi ne a goge shafin, domin jaridun nan biyar saye aka yi, shaida ta gaskiya kuma ɗaya ce kawai. Sa'an nan ya ja layi a kan maganarsa ta farko, ya rubuta a ƙarƙashinta: “Na ce wannan mace tana sayar da man bilicin. Ƙarya na yi mata. Ban bincika ba kafin in faɗa. Na je na gani, akasin haka ne. Ina roƙon gafararta, ina kuma roƙon gafarar Malama Damaris, wadda ta gargaɗe ni na zarge ta a zuciyata.”

Da yamma aka goge shafin. Ya kira Afiniki da kansa ya faɗa mata. Ta ce, “To, Baba. Gara haka. Ranar Lahadi zan tsaya a gaban matan coci in ce musu ni ba Dakta ba ce.” Ta kuwa tsaya ta faɗa.

Mako na gaba Malam Filibus ya ɗauki kwafin rahoton asibitin ya tafi babban birni, ya jira awa biyu a kan benci kafin manajan kantin ya gan shi. Manajan ya karanta, ya gode masa da ladabi, ya ce abin ya burge shi ƙwarai, sai dai sun riga sun sa hannu da wani kamfani tun ranar Juma'a. Mata shida da Afiniki ta yi wa alkawarin aiki saboda wannan ciniki, haka ta bi su gida gida tana ba su haƙuri. Ta yafe wa Malam Filibus, ta faɗa masa da bakinta. Amma cinikin bai dawo ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: kundin nan shi ne sunan da kowannenmu yake da shi a bakin mutane. Dukanmu muna so a buɗe mana shafi mai kyau. Jaridu biyar ɗin kuwa su ne yabon da muke shirya wa kanmu. Ba lalle sai da kuɗi ake sayensa ba. Wani da kyauta yake saye, wani da doguwar addu'a a gaban jama'a, wani kuma da shiru kawai, kamar Afiniki: a kira ka da abin da ba kai ba ne, ka ji daɗi, ka ƙi gyarawa. Ko bakuna nawa ne suka maimaita, idan daga wurinka maganar ta fito, shaida ɗaya ce, kuma taka ce. Ku lura da abin tausayi a nan. Matar nan tana da aikin da ya isa a yi alfahari da shi, amma ta ji kunyarsa domin ba shi da ƙyalli, ta je ta sayo na ƙarya ta rufe na gaskiya da shi.

Amma ban kawo wannan misali saboda Afiniki kaɗai ba, gama na san yawancinmu a nan mun fi kama da Malam Filibus. Binciken da ya yi daidai ne. Allah bai kira mu mu zama masu haɗiye kowace magana ba, kuma wanda ya tsare gaskiya a inda aka sa shi tsaro, aikin kirki yake yi. Inda ya faɗi shi ne, ya kama mace da laifi ɗaya, sai ya ƙara mata na biyu daga cikin kansa. Daga nan zargi ya zama masa tabarau. Ƙofa a kulle, ya ce an ɓoye. Ƙofa a buɗe, ya ce an kwashe. Abokiyar aikinsa ta faɗa masa gaskiya, ya ce an saye ta. Wanda ya kai wannan matsayi ya daina neman gaskiya, so yake kawai a ce shi ne ya yi daidai.

Haka muke yi a cikin ikkilisiya. Mu ga 'yar'uwa da sabon zane, mu ce mun san inda ta samo. Mu ga dattijo ya fito daga wani gida, kafin ya kai nasa gidan labari ya riga shi. In an yabi mutum a gabanmu mukan ce a kawo hujja, amma in za mu ɓata shi, zato ya ishe mu. Ku tuna, Malam Filibus ya tuba, an kuma yafe masa, duk da haka mata shida sun rasa aiki. Gafara tana wanke mai laifi, amma ba kullum take mayar wa wanda aka cuta abin da ya rasa ba.

Akwai kuma ta'aziyya a ciki, ga waɗanda suke aiki ba mai gani. An goge shafin Afiniki bisa ga doka, dokar kuwa ba ta yi kuskure ba, gama mutane ba su da ikon sanin abin da ba a rubuta ba. Ubangiji ba haka yake ba. Ba ya jiran jarida, ba ya bukatar shaida ta biyu, domin shi da kansa yana wurin ranar da aka cinna wa kayan shagon nan wuta. Ke da kike jinyar surukarki shekara huɗu ba wanda ya ce sannu, kai da ka ƙi sa hannu a takardar ƙarya aka hana ka ƙarin girma, ba za a buɗe muku shafi a ko'ina ba. Amma akwai littafin da ba a sayen wuri a cikinsa, ba a kuma goge abin da Mai shi ya rubuta.

Saboda haka ga aikin gida na wannan mako. Kowa ya zauna ya tambayi kansa abu biyu. Wane suna nake amsawa wanda na san ba nawa ba ne? Wane mutum kuma na yi magana a kansa ba tare da na je na gani ba? In ka tuna da sunan wani, kada ka jira rana ta bakwai. Ka tashi ka je wurinsa tun kafin maganarka ta kai kunnen wanda zai rufe masa ƙofa.

Bari mu sunkuyar da kanmu, mu yi addu'a.